Zauren da Ya Yi Tari

Daren wata Laraba, cikin tsakiyar bazara, Cindo magini ya ji tari a bayan katangarsa. Ba tarin mutum ba ne, ba kuma na akuya ba. Tari ne mai zurfi kamar daga gindin rijiya, kuma duk lokacin da aka yi shi sai ƙasa ta zubo daga rufin ɗaki. Matarsa Tabawa ta juya ta ce ya tashi ya kai wa maƙwabcinsu Anaruwa jiƙon citta, kada tsohon nan ya amayar da huhunsa. Cindo bai tashi ba. Gidan Anaruwa yana gabas, tarin kuwa daga yamma yake fitowa, kuma babu kome a yamma sai Zauren Magina.

Kakan Cindo, Gwani Tunau, shi ya gina zauren nan tun garin Kwargaba bai wuce gida arba'in ba. Bakuna huɗu ne irin na bakan gizo, na azara da ƙasa, suka taso daga bango huɗu, suka lanƙwaso suka haɗu a can sama. Inda suka haɗu shi magina suke kira cibiya. A zauren ake raɗa suna, a nan ake ɗaura aure, a nan ake zaman makoki, a nan tsofaffi suke fakewa idan hadari ya taso.

Shekara uku da suka wuce cibiyar ta tsage. Cindo ya iya jera tubali, ya iya fitar da zanko, ya iya zanen bango da ɗan yatsa, amma bai iya ƙullin cibiya ba. Al'adar maginan Kwargaba ce, idan aka zo ɗaure azarun cibiya sai gwani ya kori kowa, ya saki asabari a ƙofa, ya yi aikin shi kaɗai. An ce duk wanda ya leƙa zai makance. Uban Cindo, Gwani Barmo, ya yi masa alkawari zai nuna masa ranar da furfura ta farko ta fito masa a gemu. Ya rasu Cindo yana da baƙin gemu. Cindo bai taɓa gaya wa kowa ba. Da tsagar ta fito, sai ya sayo siminti ya shafe zauren ciki da waje, ya rufe ta. Mutane suka yaba, suka ce yanzu an huta da yaɓen shekara-shekara. Bana kuwa simintin ya fara kumbura, mai unguwa ya ce idan ba a gyara ba kafin ruwan farko, zai sa a rushe a gina na bulo da kwano, don ba zai bari rufi ya danne jama'a ba.

Da hantsi Cindo ya ɗauki guduma ya fito. Anaruwa yana zaune a bakin marinarsa, hannuwa shuɗi har gwiwa. Taubasai ne su biyu, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, shekara sittin ba su gama wannan shari'a ba. Anaruwa ya ce ina za shi da guduma, Gwanin Siminti, ko zai je ya yi wa zauren ƙaho ne tunda ya kwana yana tari. Cindo ya tsaya cak ya tambaye shi ko shi ma ya ji. Anaruwa ya daina dariya. Ya ce unguwa duka ta ji, kowa dai ya yi kamar barci yake.

Cindo ya shiga zauren shi kaɗai. Ya kara kunne a bango, ya ji numfashi yana fita da ƙyar kamar na mai fuka. Ya yi bismilla ya doka guduma. Siminti ya ɓanɓare kamar ɓawon ƙwai, ƙasar da ke ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf, tana warin kabari. Tsagar da ya rufe ta sauko daga sama har ƙasa, faɗinta ya isa mutum ya kutsa. Daga cikinta wani zanzaro ya fito, girmansa kamar rago, ƙugunsa siriri kamar zare, da curin laka a bakinsa. Ya ajiye lakar ya yi sallama da murya irin ta dattawa.

«Ya kai ɗan Barmo, jikan Tunau, Magajiyar Kufai tana kiranka. Ka toshe wa bango hanci shekara uku, ya kai ƙara, an karɓa.»

Cindo ya ajiye guduma. Ya amsa sallama, ya ce shi talaka ne, bai san bango yana da bakin kai ƙara ba. Zanzaro ya ce kowane bango yana da shi, magina ne suka kurumce. Ya ce wa Cindo ya biyo shi, kuma ya sani an hana shi ba shi shawara a hanya.

Suka shiga tsagar. Kaurin bangon bai wuce kamu biyu ba, amma sai da suka yi tafiyar da Cindo ya ji yunwa sau uku kafin su ga haske. Suka fito cikin wani dajin giginya da ba iska, amma itatuwan suna sunkuyowa. Kowace giginya ta sauko da kanta daidai fuskarsa ta tambaye shi ina ɗanta da aka tsaga aka yi azara. Cindo ya dubi jikin kowace ya tuna. Ya ce naki yana rufin ɗakin ungozoma, naki yana soron mai unguwa, naki yana bisa ƙofar masallacin kasuwa. Haka ya bi su har ɗari da wani abu. Ta ƙarshe ta tambaya, nata kuwa ya bar shi a bayan gida gara ta cinye. Ya faɗi gaskiya. Ta sako masa ƙwallon giginya guda a kafaɗa, ya ji ƙashin ya amsa, ta miƙe ta ba shi hanya.

Bayan dajin akwai kogi, amma ba ruwa ne a cikinsa ba, kwaɓaɓɓiyar ƙasa ce ja, tana tafiya a hankali. Babu jirgi, babu gada. Takalma da huluna suna yawo a samanta, na waɗanda suka nemi ƙetarewa da gudu. Zanzaro ya tashi sama ya sauka a wancan gefe ya zauna yana kallo. Cindo ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga kamar yadda ake shiga ramin kwaɓi: diddige ya fara sauka, sannan yatsu, kuma ba a miƙewa, zagayawa ake yi. Duk inda ya taka sau bakwai sai ƙasar ta yi ƙarfi ta ɗauke shi. Wani abu mai sanyi ya riƙa shafar ƙwaurinsa daga ƙasa, bai duba ba. Ya yini yana zagaye kafin ya taka tudu.

Nan ya ga birnin. Ba shi da ganuwa, ba shi da ƙofa. Zanzaro ya ce sunansa Birnin Kufai, kuma duk ginin da ya faɗi a duniya, nan yake tashi. Unguwa-unguwa aka jera su, kowace ƙabila da tata. Ga fadar Barebari ta jan bulo ƙonanne. Ga katamba, zauren Nufawa, mai daɓe sumul da gutsattsarin tukwane. Ga bukkokin Fulani na ciyawa dubu bisa dubu, don su ne suka fi saurin zuwa. Ga wasu ɗakuna na mutanen bakin tafki, dogaye kamar ƙwai a tsaye, da matakala a jikinsu har ƙoli. Ya ga gidaje bisa turaku a tsakiyar ruwa. Ya ga ɗakin ibada da aka sassaƙa cikin dutse guda, daga sama zuwa ƙasa, sai an leƙa rami ake ganin rufinsa. Ya ga wani ɗaki zagayayye na ƙanƙara, ya taɓa ya janye hannu da sauri. Babu mutum ko ɗaya a birnin, amma yana jin daka, yana jin kukan jariri, yana jin wata tana kiran wata ta zo ta sauke tukunya. Gidajen sun zo da muryoyinsu, sun bar masu su.

Hanya ta bi da su ta cikin wani gidan Yarbawa mai tsakar gida huɗu. Rufin barandarsa yana bisa ginshiƙan itace da aka sassaƙa da siffar mutane. Ɗaya mace ce a durƙushe, da goyo a baya, rufin yana bisa kanta. Cindo ya tsaya yana kallon kitson da aka fitar mata a jikin itace, layi-layi, babu wanda ya kauce. Sai idonta ya juyo.

«Baƙo, shekara ɗari biyu ina ɗauke da rufin nan. Karɓe ni in miƙe ƙafa.»

Cindo ya dubi Zanzaro, Zanzaro ya dubi ƙasa. Cindo ya gaishe ta da aiki, ya tambaye ta wane gwani ne ya sassaƙa ta haka. Ta ce ta manta sunansa, abin da ta tuna yana da tabo a babban yatsa kuma yana waƙa idan yana aiki. Cindo ya sunkuya ya sa kansa ƙarƙashin rufin. Ta zame ta miƙe, gaɓoɓinta suna ƙara, ta fita da goyonta ba ta waiwayo ba.

Nauyin ya sauka masa a wuya. Can sai ya ji tafin ƙafarsa ya mutu. Ya duba, ya ga yatsunsa sun zama itace. Itacen ya hau idon sawu, ya hau gwiwa, ya kama cinya. Sauran ginshiƙan suka fara yi masa barka da zuwa, wani mai gemu a kusa da shi ya ce kada ya damu, shekara hamsin na farko ne masu wuya. Cindo ya karanta duk abin da ya sani. Ya tuna Tabawa, ya tuna bai ko gaya mata inda za shi ba. Itace ya kai cibiyarsa, ya kai ƙirji, numfashi ya fara gajarta. Sannan ya ji takun itace bisa daɓe. Ta dawo. Ta durƙusa ta karɓi kayanta, ta ce da niyyar tafiya ta fita, amma duk waɗanda suka wuce ta nan ko dai su tofa mata yawu su kira ta gunki, ko su yi cinikinta da ido. Shi kaɗai ya tambayi wanda ya yi ta. Jikinsa ya dawo nama, sai gwiwar hagu da ta ƙi lanƙwasawa tun daga ranar.

Ya ja ƙafa suka ci gaba. A unguwar Buzaye tantunan fata suka buɗe masa baki, muryoyin mata suna kiransa ya shigo ya sha shayi, ya gode ya wuce ta gefe. Daga nan suka iso gaban wani masallacin laka na mutanen yamma, tsayinsa ya tsere wa rimi, da sanduna a tsire a jikinsa kamar ƙayar bushiya. Hannuwa dubu ba jiki suna hawa sandunan suna yi masa yaɓe, manya da ƙanana. Zuciyar magini ta motsa. Cindo ya ɗebi laka ya kai hannu zai taya su. Wurin da ya shafa ya yi toka-toka ya bushe nan take. Hannuwan suka tsaya cik, sannan suka taso masa kamar fara, wannan ya mare shi, wannan ya ture shi, har suka fitar da shi daga unguwar. Zanzaro ya ce warin siminti suka ji. Cindo ya share fuska da bakin riga.

A ƙarshen birnin gine-gine suka ƙare, fili ya buɗe. Iya ganin ido ramukan harsashi ne a haƙe, wasu zagayayyu, wasu masu kusurwa huɗu, kowane yana jiran nasa. A tsakiya ya ga wani gini da ake kan tayarwa. Zauren Magina ne, bangonsa ya kai ƙirji. Ya gane dakalin ƙofa, ya gane inda akuya ta goge kusurwa da ƙaho. Yana tsaye aka yi tarin nan daga nesa, tubali guda ya faɗo daga sama ya zauna a gurbinsa.

Magajiyar Kufai tana zaune a kan dakalin. Tsohuwa ce doguwa, fuskarta kamar bangon da ruwa ya daɗe yana duka, gashinta irin ciyawar da ke tsirowa a kan soron da aka bari. Jemagu suna barci a hannun rigarta. Cindo ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗayar a miƙe, ya ce Allah ya ja zamaninta.

«Zamanina yana jawuwa ba sai ka roƙa ba,» in ji ta. «Dubi filin nan. Da, sai in shekara ban haƙa rami goma ba. Yanzu ma'aikatana ba sa zama. Ɗan Barmo, me ya sa ka shaƙe abin da kakanka ya bar maka?»

«Ranki ya daɗe, kunya ce. Ana kirana gwani, ni kuwa ban iya ƙullin ba. Ubana ya tafi da shi.»

«Ka taɓa faɗa wa wani?»

«Yau ne farko.»

Ta ce ita ba ta ƙwace, abin da aka saki take tsincewa. Ta ce yaƙi ya kawo mata gidaje, gobara ta kawo, ambaliya ta kawo, amma duk cikinsu babu wanda ya kai asabarin ƙofa kawo mata kaya. Kowace ƙabila tana da irin nata asabarin. Gwani ya ɓoye don kada a raina shi, ya mutu, bango ya biyo shi. Ta tambaye shi me yake roƙo. Ya ce zauren, a bar wa mutanen Kwargaba zaurensu.

Ta ce ƙullin ba ya hannunta. Ta nuna Zanzaro da haɓa. Zanzaro ya matso ya ce ranar da Tunau ya ɗaure cibiya yana nan a maƙale a jikin azara yana ginin ɗakinsa, ranar da Barmo ya sabunta igiyar ma yana nan, don idan gwani ya kori mutane ba ya korar zanzaro. Sau biyu ya gani, bai manta ba. Sai dai ba shi da yatsun da zai nuna, kuma ƙulli ba ya shiga ta kunne. Abin da zai iya shi ne ya harbe shi a hannu biyu. Muddin kumburin yana nan hannuwan za su san aikin, kansa ba zai sani ba. Kwana uku kumburin yake yi ya saɓe.

Cindo ya ce ya yarda, zai kalli hannuwansa ya koya. Magajiya ta girgiza kai, jemagun suka motsa.

«Kai ka rufe tsaga don kada ido ya gani. Idonka zai zauna a wurina jingina har ka ja ƙullin ƙarshe. Ka ɗaure shi da rana, ƙofa a buɗe, gaban jama'a. Idan ido ɗaya ya riƙe yadda aka yi, zan mayar da tubalan nan in cike ramin. Idan babu, ba zan yi gaggawa ba. Igiya tana da shekarunta. Ranar da ta ruɓe, zauren nawa ne, kuma babu wanda zai sake zuwa roƙo.»

Cindo ya yi tunanin unguwarsu, mutum fiye da ɗari uku. Ido ɗaya ai ba abin wuya ba ne. Ya miƙa hannuwa. Zanzaro ya harbe shi a dama, ya harbe shi a hagu, wuta ta hau masa har kafaɗa. Magajiya ta shafa fuskarsa da tafin hannu mai sanyi kamar randa. Abu na ƙarshe da ya gani shi ne ramukan nan a jere har ƙarshen ƙasa.

Ya farfaɗo a kan daɓen zauren, yana jin muryar Anaruwa a kansa. Kwana tara ke nan ana nemansa. Anaruwa ya ce har ya fara shirin gadon tsani da guduma, kuma yana tunanin ko Tabawa za ta yarda da mai shuɗin hannu idan ta fita takaba. Ya ci gaba da zolaya yana ɗaga shi, sai ya lura idon Cindo a buɗe yake amma ba ya bin kome, hannuwansa kuma sun kumbura kamar kabewa. Ya bar zolayar. Ya ce bawana, me ka leƙa.

Kafin la'asar magana ta zaga Kwargaba: Cindo ya je neman asirin cibiya, ya gani, ya makance. Tsofaffi suka ce dama an faɗa. Cindo ya sa aka kira mai unguwa da dattawa, ya gaya musu kome tun daga rasuwar ubansa har simintin. Ya ce makantarsa jingina ce, ba hukuncin leƙe ba. Ya rantse musu babu abin da zai sami mai kallo. Ya ce jibi zai ɗaure cibiya ƙofa a buɗe, yana roƙon kowa ya zo ya zuba ido, babba da yaro, mace da namiji. Mai unguwa ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne, za a zo. Anaruwa ya ce shi zai tsaya a gindin tsani, idan ma ido huɗu gare shi duk zai buɗe. Tabawa kuwa ta riƙa ɗiga masa ruwan sanyi a ido ko za a dace.

Kwana biyu aka yi ana ɓanɓare siminti. Aka tokare bakunan da gumagumai, aka kwaɓa sabuwar ƙasa, mata suka dafa makuba ta shafen bango, Anaruwa ya kwaso katsi, tokar gindin marina mai ƙarfafa yaɓe, ya ce kyauta ce ga bawa. Bango ya sha iska, tarin ya ragu ya koma nishi. Cindo yana zaune yana taɓa hannuwansa, yana jin kumburin yana saɓewa kaɗan-kaɗan. Rana ta uku da safe yatsunsa sun fara rabuwa da juna, hadari kuma ya haɗo a gabas, yana jin ƙamshinsa.

Zaure ya cika har waje. Cindo ya ji zafin jikin mutane, ya ji tarin tsofaffi da raɗar mata a bakin ƙofa. Ya sa aka ciro tsohon asabarin ubansa daga inda yake rataye aka fitar da shi. Aka kama shi ya hau tsani, yana jan gwiwar hagu, har kansa ya taɓa cibiya. Aka miƙo masa igiya. Ya ce kowa ya ɗaga kai, sau ɗaya za a yi. Aka amsa masa da to, muryoyi da yawa.

Ya yi bismilla. Hannuwan suka ƙwace daga gare shi. Ya ji suna tone ruɓaɓɓiyar ƙasa, suna laluben kawunan azara huɗu, suna zare tsohuwar igiya. Daga nan ya kasa bin su. Suna shiga, suna fita, suna juyawa da saurin da kansa bai iya lissafawa ba, kamar hannun wani ne aka ɗaura masa. A ƙasa ya ji surutu ya ɗauke ɗif. Sai ya ji motsin riguna da jan takalma a kan daɓe, gaba ɗaya, kamar iska ta ratsa gonar dawa. Ya ce a ransa matsowa suke yi don su gani da kyau, ya ji daɗi.

«Kuna gani?» in ji shi.

«Muna nan, Gwani,» in ji Anaruwa daga gindin tsani.

Hannuwan suka ci gaba. Aka yi tsawa, ruwan farko ya fara dukan rufi. Ya ji yatsunsa sun kama bakin igiya biyu sun ja da ƙarfin da bai taɓa sanin yana da shi ba. Bakunan huɗu suka yi ƙara suka zauna. Zauren ya sauke numfashi mai tsawo, har gemunsa ya motsa. Hannuwan suka ɗebi ƙasa suka lulluɓe ƙullin, suka shafe, sannan suka faɗo a gefensa, sirara, na tsoho mai shekara sittin. Haske ya dawo masa a hankali. Abin da ya fara gani ɗanyar ƙasa ce sumul, da sawun yatsunsa a kai.

Ya sauko. Aka cire gumaguman, rufi bai ko girgiza ba. Ruwa yana zuba a waje kamar da bakin ƙwarya, ɗigo ɗaya bai shigo ba. Mata suka yi guɗa, mai unguwa ya kama hannunsa ya ce maganar bulo ta mutu. Kowa yana sannu da aiki, kowa yana barka da samun ido. Cindo yana murmushi yana bin fuskoki, yana jiran wanda zai fara cewa ashe haka ake yi. Duk wanda ya kalla sai ya mayar da ido kan rufi yana yaba kyan shafe. Tabawa tana bakin ƙofa, gyalenta a jaye ya rufe mata fuska har haɓa, bai san tun yaushe ba.

Anaruwa ya goge shuɗin hannunsa a riga, ya yi gyaran murya.

«Bawana, kada ka ga laifina. Ni marini ne, da ido nake cin abinci, kuma na ga yadda ka dawo. Da ka ɗauki igiya sai na juya baya, don na san zaure cike yake, ba za a rasa mai kallo ba.» Ya waiwaya ya dubi jama'a. «To, cikinku wa ya duba?»